Kurakuran da ake yi wajen sa wa fili kuɗi a unguwannin masu hali

Dillali zai tsaya da kai a gaban wani fili a Maitama ko a Nasarawa GRA ta Kano, ya nuna na maƙwabta da ɗan makullin mota, ya ce, "Alhaji, wancan ma miliyan kaza ake nema." Daga nan mutane da yawa suke faɗawa. Kuɗin da ake nema daban, kuɗin da aka sallama daban. Akwai filin da ya shekara uku yana jiran tayi. Ka nemi filaye uku ko huɗu da aka sayar kwanan nan a layin ko kusa da shi, ka ji nawa aka biya a hannu, ka kwatanta da naka. Kada ka manta la'adar dillali tana hawa ne idan farashi ya hau.

Sai lissafi da fuloti. Fuloti ƙafa 50 a 100 kusan murabba'in mita 465 ne, amma a waɗannan unguwanni fili ɗaya kan kai dubu biyu ko fiye. Ka sa safiyo ya auna, ka raba kuɗin da mita.

Abin da ya fi damuna shi ne raina takarda. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuwa minista ne ke riƙe da ita. Abin da kake saya izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma canjin hannu sai da amincewar hukuma. Shekara nawa suka rage? Akwai bashin harajin fili? An jinginar da shi a banki? Ka je hukumar da ke ajiye bayanan filaye, wato AGIS a Abuja, ko KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ka bincika kafin ka yi tayi. A 2023 an soke filaye 165 a Abuja saboda ba a gina su ba, har da wasu a Maitama. Fili mai irin wannan barazana ba ya daraja ɗaya da mai tsabtar takarda.

Idan babu ciniki na kusa da za a kwatanta, ƙwararrun masu ƙiyasi suna farawa ne daga ginin da doka ta yarda a yi. Misali, gida huɗu, kowane a sayar da shi naira miliyan 300, ya zama biliyan 1.2. A cire miliyan 600 na gini, a cire miliyan 240 na riba da takardu da jiran kasuwa. Saura miliyan 360, shi ne iyakar abin da filin ya cancanta. Idan tsarin unguwar gida ɗaya kawai ya amince da shi, lissafin ya rushe tun daga tushe.

Kuma ka je wurin da damina. Dutsen Asokoro yana cin kuɗin fasawa, kwari yana cin tifa-tifa na ciko, duk sai a rage su daga farashi.