Babi na 6: Keɓe Wurin Iyo da Gina wa Kifi Gida a Bakin Teku

Darasi na 1: Raba ruwa

A bi a hankali, babu gaggawa. A bakin tekun da baƙi ke zuwa yawon buɗe ido, masu iyo da jiragen inji ruwa ɗaya suke shiga, kuma farfelar jirgi tana yanka mutum. Shi ya sa ake jera manyan ƙwallayen roba masu launin rawaya a kan ruwa. Daga ƙwallaye zuwa gaɓa na masu iyo ne, bayansu na jirage. A kan yashi a kafa tuta 2, kowace rabi ja, rabi rawaya. Tsakaninsu masu ceto ke sa ido.

Darasi na 2: Auna igiya

Kowane ƙwallo yana da igiya, igiyar kuma tana ɗaure da wani nauyi a ƙasan ruwa. A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, to kada ku damu, za ku iya.

Teku tana cika tana janyewa. A yawancin gaɓoɓi sau 2 take cika a rana, kuma tsakanin cika da janyewa kusan awa 6 ne. Ku auna zurfi lokacin da ruwa ya cika. A sake karantawa: lokacin da ya cika.

Ga misali. Zurfin wuri mita 2 ne idan ruwa ya janye, mita 4 idan ya cika. Ka yanka igiya mita 2. Da ruwa ya dawo, ƙwallo ya nutse, matuƙin jirgi bai ga komai ba, ya kutsa cikin masu iyo. Igiyar nan dole ta ɗara mita 4, saboda raƙuman ruwa. Cika mafi girma tana zuwa ne da tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, don haka awon waɗannan ranaku ake bi.

Yaushe ake auna zurfi? Ku faɗa da baki. Madalla. Ku rubuta shi sau 3.

Amma na sha ganin wanda ya rubuta da hannunsa, sannan ya je ya auna ruwa a janye don kada wandonsa ya jiƙe. Wannan ganganci ne, jama'a, da ran mutane ake wasa. Ba yaro a cikinku. A auna ruwa a cike!

Darasi na 3: Gidan kifi

Kifi na son rami da inuwa. Ana nutsar da manyan tubalan siminti masu ramuka a kan yashi tsantsa, nesa da masu iyo, bayan an samu izinin hukuma. Kada a ɗora su kan ciyawar teku ko murjani, wato wata halitta mai kama da dutse da ke girma a ƙasan teku. Banda taya. A shekarun 1970 an zuba tayoyi kusan miliyan 2 a tekun Fulorida ta Amurka, suka kwance, ruwa ya riƙa buga su a jikin murjani.

Darasi na 4: Kulawa

A duba igiyoyi bayan kowace guguwa. Wadda ta lalace a sauya ta.