Kurakuran masu koyon bes na tsaye don kiɗan bulugiras

A kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka wanda Bill Monroe ɗan jihar Kentaki ya kafa shi da makaɗansa a shekarun 1940, ba a sa ganga. Akwai banjo, mandolin, jita, goge, sai bes na tsaye, wato ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake taɓawa da yatsa. Tunda babu ganga, mai bes ne ke riƙe lokaci, kuma yawancin kurakuran sabon shiga daga manta wannan suke tasowa.

Babban cikinsu shi ne yawan kwalliya. Mutum bai iya tafiya ba ya ce sai gudu. Aikinka sauti biyu ne a kowane zagaye mai bugu huɗu: tushen kod (kod shi ne haɗin sautuka da ake bugawa tare, tushensa kuma sautin da ya ba shi suna) a bugu na ɗaya, sautinsa na biyar a bugu na uku. Na biyu da na huɗu na mai mandolin ne, kada ka shiga gonarsa. Da haruffa ake kiran sautuka da kod: in waƙa tana kod ɗin G, ka buga G da D. Ta koma C, ka buga C da G. Ta hau D, sai D da A. Tsirkiyoyin daga mai kauri su ne E, A, D, G, don haka G da D da A duk kana samunsu ba tare da ka danna komai ba. Kunna metironom, na'urar da ke ƙirga bugu, a bugu 60 cikin minti, ka yi minti goma kullum, ka ɗauki kanka a waya ka saurara. Za ka ji inda kake gaggawa, galibi daidai wurin canjin kod.

Sai hannu. Masu ja da kan yatsa kamar jita sautinsu siriri yake fitowa, ga bororo cikin kwana biyu. Kwantar da gefen manuniya a kan tsirkiya kusa da ƙarshen baƙin allon da tsirkiyoyi ke bi ta kansa, ka ja da nauyin hannu har yatsan ya sauka a kan tsirkiyar da ke maƙwabtaka. Gajeren atisaye kullum ya fi awa uku rana guda, da haka kanta ke fitowa. A hagu kuma ana danna da yatsa na ɗaya (manuniya), na biyu da ɗan ƙarami, na uku yana taya ɗan ƙaramin. Kada ka shaƙe wuyan bes da babban yatsa. Ja ƙarfen ƙafarsa har inda tsirkiyoyi suka fara daga sama ya zo wajen girarka.

Wajen saye, girman 3/4 shi ne wanda manya ke amfani da shi, kada sunan ya ruɗe ka. Na falankin da aka manna, irin tsofaffin nan na kamfanin Kay, ya fi jure yawo da sauyin yanayi, musamman inda hunturu ke tsaga katako. Kar ka kuskura ka cire tsirkiya huɗun lokaci ɗaya: jakin, wato katakon da ya ɗaga tsirkiyoyi, zai faɗi, ɗan ginshiƙin da ke tsaye a cikin cikinsa ma zai iya faɗuwa, kuma sai mai gyara. Ɗaya bayan ɗaya ake canjawa.

Kuskuren da ya fi ba mu takaici shi ne jira sai an ƙware kafin a nemi abokan kiɗa. Waƙoƙi da yawa kod uku ne kacal, masu bes kuma ba su da yawa, ana nemansu. A Amurka shagunan kayan kiɗa da ƙungiyoyin bulugiras na jihohi suna shirya zama na musamman ga masu koyo, inda ake tafiya a hankali, haka ma sansanonin bukukuwa irin na Bean Blossom a Indiyana. Inda babu irin wannan, mai jita ɗaya ya isa a fara.

In ka je, bes ɗaya ake bugawa a da'irar makaɗa. Ka tarar da wani, ku yi karɓa-karɓa. Tambayi sautin da aka ɗora waƙa a kai, G ce ko A, kafin a fara. Karanta kod daga hannun mai jita, amma duba ko ya ɗaura maƙalar nan da ake kira kafo: in tana gida na biyu yana riƙe siffar G, waƙar A ce, sai ka buga A da E. Ka ɓace a tsakiya? Kada ka tsaya. Ɗora hagu a kan tsirkiya don kashe sautin, dama ta ci gaba da bugu har ka gane inda ake.