Yadda ake riƙe shinkafar biki ba tare da ta ɓata cikin baƙi ba

Duk cikin abincin da nake dafa wa masu biki, shinkafa na fi sa wa ido. Tun tana ɗanya takan zo da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda ke shigewa cikin ɓawo mai tauri, tafasa ba ta kashe ta. Tukunya na fara hucewa sai ta farka. Danshi take so, da ɗumi, da lokaci. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, wasu ƙwayoyin kan ninka yawansu duk minti 20. To ina ga zafin Afrilu a Kano, da yakan kai digiri 40?

Ki fara da kular zuba abinci. Ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba shinkafar tana tururi, ki rufe ruf. Kula riƙe zafi kawai take yi, ba ta ƙara shi, kuma duk buɗewa ragi ne. Shi ya sa nake raba abinci a ƙananan kuloli, ta dangin ango daban, ta ƙawayen amarya daban, maimakon babba guda da kowa zai yi ta ɗaga mata murfi daga azahar har isha'i. Salak mai ƙwai kuwa ba ya shiga cikin kula sam.

Abin da aka riga aka zuba a tire, awa biyu ne wa'adinsa. Idan zafin gari ya wuce digiri 32, awa ɗaya.

Ragowar, ki baza ta a faranti mai faɗi ta sha iska, ki sa a firji. Kada ki cusa tukunya guda, tsakiyarta takan daɗe da ɗumi. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu.

Wajen ɗumame ne muke yawan saɓawa da uwayen biki. Wadda ta kwana a firji, a ɗumama ta sau ɗaya, a juya har tururi ya ratsa ko'ina. Wadda ta kwana a tsakar gida fa? "Hajiya, ai ba ta yi tsami ba," haka ake ce min. Gubar da ƙwayar nan ke zubarwa ba lallai hanci ya ji ta ba, wuta ma ba ta lalata ta, kuma cikin awa shida sai amai ya taso. Wannan ba na ba almajiri, ba na ba yaran gida. Zubarwa nake yi.