Kurakuran da aka fi yi wajen zana fuskarka da fenti cikin gaggawa

Zama gaban madubi ka ɗora fuskarka a kwali cikin minti 20 ko 30 atisaye ne, ba hoton ratayewa a falo ba. Yawancin kurakuran daga manta wannan suke tasowa.

Babba a cikinsu shi ne farawa da ido. Sai mutum ya ɗauki siririn burushi ya cinye rabin lokacinsa yana jera gashin ido, daga baya ya tarar haɓa ba ta da wurin zama. Ɗauki burushi mafi kauri, ka ƙanƙance idanunka har fuskar ta rabu gida biyu, haske da inuwa, ka shimfiɗa su tukuna. Idanu kuwa a tsakiyar kai suke, rabin tazarar da ke tsakanin saman kai da haɓa. Masu koyo kan haura da su sama, goshi ya tsuke.

Idan ba ka ga inuwar ba, laifin wurin zamanka ne. Koma kusa da taga, haske ya zo ta gefe ɗaya, ka kashe fitila.

Sai launin fata, inda aka fi yin ɓarna. Mai duhun fata yakan ɗauka baƙin fenti ne maganin kowace inuwa, sai fuskar ta fito kamar an shafa mata toka. Haɗa ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi, za ka sami inuwa mai zurfi wadda ba ta mutu ba. Kumatu da kan hanci suna son ɗan ja. Ƙyallin goshi kuma ba fari fat ba ne. In hasken daga sararin sama yake zuwa, za ka ga shuɗi-shuɗi a ciki. Tara launuka goma ma ɓata lokaci ne. An san Anders Zorn, mai zane ɗan ƙasar Suwidin, da aiki da huɗu: fari, baƙi, ja da rawaya mai ruwan ƙasa.

Madubi yana juya dama ta koma hagu, kuma wannan ba abin gyarawa ba ne. Van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holan, kunnensa na hagu ya yanke, amma a zanen kansa da ya yi a 1889 bandejin a dama ya fito. Shi ɗin ma rashin kuɗin biyan wanda zai zauna ya zana shi ne ya sa ya yi ta zana kansa a Paris, wasu a kan kwali, wasu a bayan tsofaffin zanuka. Abin da ke ɓata kamanni shi ne motsin kai. Manna ɗan salatif a madubi daidai kan hancinka, duk lokacin da ka ɗago ka koma saitinsa.

Akwai kuma son kai, na rage hanci da share ƙurji. Bar su yadda suke. Da lokaci ya cika ajiye burushi, ko da kunne ɗaya bai samu ba, ka ɗauko sabon kwali.