Yadda ake kwashe mai in ya malale a fadama ko bakin gulbi

Mu nan Kebbi ba mu da rijiyar mai kamar Neja Delta, amma tankoki kullum suna bin hanyar Yauri zuwa Jega, ga injinan ban ruwa cike da fadama lokacin rani, ga bakanikai masu juye baƙin mai a kwata. In ya malale babban aikin shi ne kar ya kai ga ruwa.

Da farko a kori jama'a, musamman in fetur ne. Ba taba, ba ashana, a kashe duk wani inji ko mashin da ke kusa, a kira 'yan kwana-kwana. Dan Allah kar kowa ya zo da jarka, a tuna abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu wajen ɗibar man tanka.

Sai a tare masa hanya. A ɗauko fartanya da shebur a ja kunya ta ƙasa a gaban inda yake gangarawa, in akwai buhunan yashi a jera, a toshe duk wata magudana da ke kai wa gulbi ko rijiya.

To anan ne mutane ke kuskure, sai ka ga an kawo bokiti da omo ana wankewa. Wallahi ƙara ɓata abin ake, omo farfasa man yake ya cakuɗa shi da ruwa, ido ya daina ganinsa amma ya shige ƙasa ya bi ruwa ya iske kifi. Abin da ake so tsotsewa. Buntun shinkafa da muke da shi tuli a injinan casa yana aiki sosai, haka garin katako ko busasshen yashi, a barbaɗa da yawa a bar shi ya sha sannan a kwashe a zuba a durom mai murfi. Kar a ƙona shi cikin gari.

In har ya riga ya hau ruwa, tunda mai sama yake tasowa, a cusa karan shinkafa a buhuna a ɗaure su jere da igiya, a ja da kwalekwale a kewaye wajen sannan a riƙa yaɗe saman da kwano. A hana masunta da masu shayar da shanu wajen tukuna, kifin da ya ɗau warin mai ko a kasuwar Yauri ba mai saye.

Ƙasar da ta sha mai kuma a kankare ta har inda warin ya tsaya, a tara kan tamfol, a cakuɗa da kashin kaji ko takin shanu, ana juyawa duk sati ana ɗan yayyafa ruwa. Ƙwayoyin halittar cikin takin su ke cinye man a hankali, watanni ake yi, kar a yi gaggawar dasa shinkafa. A Ogoni ta Neja Delta, inda mai ya daɗe yana malala, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, saboda an bari ya daɗe har ya kai ruwan ƙasa.

A ɗauki hoto da lambar motar tun ranar farko, a sanar da mai gari da ma'aikatar muhalli da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, wadda doka ta ce mai man ya kai mata rahoto cikin awa 24. Da hotunan nan za ka nemi diyyar gonarka.