Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saita Hawan Hotuna a Aikin Taswira da Jirgi Mara Matuƙi

Manhajar haɗa taswira tana buƙatar ganin dutse ɗaya ko kusurwar rufi ɗaya a hotuna da yawa kafin ta gane inda yake. Shi ya sa ake so kowane hoto ya hau kan na gabansa da na gefensa. Wasu har yanzu suna bin tsohon ma'aunin jiragen da mutum ke tuƙawa, wato kashi 60 gaba, 30 gefe. Ƙaramin jirgin da iska ke kaɗawa ba zai yi da wannan ba. Kamfanin Pix4D, mai yin manhajar haɗa taswira, na ba da shawarar aƙalla 75 gaba, 60 gefe, a daji mai duhu kuma 85 da 70, don ganye duk kama ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne mantawa da tudu. Jirgi yana auna tsayinsa ne daga inda ya tashi. A ce ka saita mita 100 da kashi 75, sai ga tudu mai mita 40 a tsakiyar fili. A kansa tazarar jirgi da ƙasa mita 60 ce kacal, kowane hoto ya tsuke, hawan ya faɗo wajen kashi 58, alhali allonka bai daina nuna 75 ba. Sai an zauna gaban kwamfuta za a ga giɓi a taswira daidai kan tudun, lokacin an riga an bar wurin. Ka tashi daga wuri mafi tsayi, ko ka kunna tsarin bin yanayin ƙasa, wanda ke sa jirgi ya riƙa hawa da sauka daidai da tudu da kwari. Dogon gini da manyan bishiyoyi ma haka suke.

Akwai kuma masu cika hawan gefe don tsoro. Daga 70 zuwa 85, layukan tashi sun ninka ke nan, batir ya ƙare, inuwa ta sauya kafin a gama. Ƙarin na gaba ya fi sauƙi tunda ba ya ƙara layi, amma ka rage gudu. In jirgi ya fi kyamara sauri, za ta riƙa tsallake hotuna.

A kan ruwa kuwa, komai yawan hawan bai cika taimakawa ba. Ka tashi sama sosai yadda gaɓa za ta shiga kowane hoto.