Wanda aka tura Le Chambon-sur-Lignon: ga abin da zai tarar

Ba kowa ne ke sauka Faransa ya zauna a Paris ko Lyon ba. Masu neman mafaka da yawa hukumar OFII, mai kula da harkokin baƙin da ke shigowa Faransa, ce ke zaɓa musu wurin zama, kuma cikin garuruwan da ke da masaukin da ake kira CADA akwai Le Chambon-sur-Lignon, ƙauye mai mutum kusan 2,500 a yankin Haute-Loire. Idan nan aka turo ku, ko aiki ya kawo ku, ku fara da sanin cewa a kan tudu kuke, kusan mita 1,000 sama da teku. Sanyin garin da tarihinsa da sana'ar mutanensa duk daga wannan tudun suka samo asali.

Kogin Lignon ne ya ratsa garin, dazukan itatuwa masu ganye kamar allura sun kewaye shi, daga kudu kuma ga dutsen Mézenc mai mita 1,753. Le Puy-en-Velay, inda ofishin préfecture yake, wato inda ake harkar takardun zama, yana da nisan kilomita 45 ko kusa da haka. Saint-Étienne ya haura awa guda a mota. Jirgin ƙasan da za ku gani yana tafiya da tururi na masu yawon buɗe ido ne, ba ya kai mutum aiki. Bas na zuwa, amma jefi-jefi, ranar Lahadi kuma ya fi ƙaranci. Duk wanda aka ba shi lokaci a préfecture ya duba jadawalin tun kwana biyu kafin ranar, ya kuma duba na dawowa, don nan ne ake yawan maƙalewa.

Sanyi ne babban al'amari. Ƙanƙara na iya sauka daga Nuwamba har Afrilu, kuma akwai wata iska da 'yan gari ke kira burle, mai kwasar ƙanƙara tana zubawa a hanya har direba ya daina ganin gabansa. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin sanyi, ko a ajiye sarƙar taya a cikin mota. Kafin ku sa hannu a takardar haya, ku nemi ganin DPE, takardar da ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A (mafi kyau) zuwa G (mafi muni). Tsohon gidan dutse mai F, da na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, haya ce mai araha wadda kuɗin wuta zai cinye rangwamenta a wata uku. Ku tambayi da me ake ɗumama gidan, itace ko man fioul ko lantarki. Mai murhun itace dole ya kira mai share bututun hayaƙi aƙalla sau ɗaya a shekara, ya adana takardar shaida, domin kamfanin inshora zai neme ta idan gobara ta tashi. Inshorar gida kuma wajibi ce a kan ɗan haya.

Kada a kunna gawayi a ɗaki. A gida mun saba da kasko lokacin hunturu, amma ɗakunanmu iska na ratsa su. Nan tagogi a rufe suke ruf, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, sai ta kashe shi cikin barci. Idan mutum biyu a gida ɗaya suka ji haka lokaci guda, a buɗe tagogi, a fita waje, a kira 18 ko 112. Ko da sanyi, a riƙa buɗe taga minti goma kullum, in ba haka ba tururin girki da shanyar kaya zai sa bango ya yi baƙin fumfuna, a cire kuɗin gyara daga ajiyar da kuka bayar.

Garin nan ya san baƙo tun kafin a haife mu. Da yawa daga cikin mutanen tudun Kiristoci ne 'yan Furotesta, waɗanda aka tsananta wa bayan sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes, wadda ta ba su 'yancin ibada, a 1685, suka riƙa ibada a ɓoye. A 1893 wani fasto na Saint-Étienne, Louis Comte, ya fara kawo 'ya'yan ma'aikata su sha iska a gonakin yankin, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1902, aka gina masaukai da gidajen yara. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, waɗannan gidajen ne suka ɓoye Yahudawa da sauran masu gudun hijira, yawancinsu yara, bisa jagorancin fasto André Trocmé da matarsa Magda da fasto Édouard Theis. Abin bai tafi ba tare da asara ba: an kama Daniel Trocmé, ɗan'uwan André, a 1943 tare da ɗaliban gidan da yake kula da shi, ya mutu a sansanin 'yan Nazi na Majdanek da ke Poland a 1944. An buɗe gidan tarihi na Lieu de Mémoire a 2013, kusa da cocin Furotesta. Ku je ku gani. Sai dai kada ku yi tsammanin hira da fara'a irin ta gida. Mutanen tudu ba su da yawan magana, alherinsu a aiki ake ganinsa. Ku riƙa cewa bonjour a shago, a wurin likita, har ga wanda kuka haɗu da shi a hanya, domin a ƙauye rashin gaisuwa laifi ne kamar yadda yake a wurinmu.

Aiki yana bin kaka. A Yuli da Agusta garin na cika da masu hutu, otal-otal da gidajen abinci na neman hannu, da kaka ta wuce kuma sai abin ya lafa. Wanda ya fi ɗorewa shi ne kula da tsofaffi, aikin katako, gini, da gonakin kiwon shanu. Naman Fin Gras du Mézenc da yankin ke alfahari da shi ya samu tambarin kariya a 2006. Masana'antun leda suna wajen Sainte-Sigolène, amma aikin karɓa-karɓa ne, wani zubin tun da asuba, ba mota ba zuwa. Lasisin tuƙi na ƙasar waje shekara ɗaya yake aiki bayan an samu izinin zama, kuma ba kowace ƙasa ake musanya nata ba, don haka a bincika tun watan farko. Mai neman mafaka sai bayan wata shida da shigar da takardunsa ake iya nema masa izinin aiki.

Rajistar yara a makarantar firamare a mairie, wato ofishin magajin gari, ake fara ta, karatu kuma wajibi ne daga shekara 3 zuwa 16. Naman halal da kayan miya irin namu an fi samunsu a manyan garuruwa kamar Le Puy ko Saint-Étienne, shi ya sa firiza take da amfani. A abincin yankin ku kula da kalmomin lardons, jambon da saindoux, duk alade ne. Layya kuma ba a yanka ta a gida ko a gona, ko da manomi ya yarda ya sayar da rago. Doka ta ce sai a mahautar da gwamnati ta amince da ita, don haka a yi odar tun makonni kafin Sallah ta hannun mahauci ko masallaci.